Rabon Tsofaffi: Shafi na 17

Masu cika min waya da saƙo kuna cewa tsoho Nerio ya cika taurin kai, na ji ku. Jiya dai kun ga ya sauko, ya yarda zai bar Maracaibo ya bi matarsa Chinca zuwa Chile, wurin 'yarsu Yoleida da ta zo ɗaukarsu. Ku gyara zama. Shafin yau ba na dariya ba ne.

*

Rana ta take sosai lokacin da Nerio ya fito daga maƙabarta, gwiwoyin wandonsa duk ƙasa.

Ya share kabarin autansa Alirio, ya tuge ciyawar da ta fito a gefe, ya sauya ruwan gwangwanin furanni. Da ya gama sai ya dafa dutsen ya ce,

"Za mu tafi, ɗana. Uwarka ta yi galaba a kaina."

Iyakar abin da bakinsa ya iya faɗa ke nan.

A ƙafa ya tako har unguwa, don ko motar haya ɗaya ba ta gifta ba. Kwanakin nan ba abin da yake yi sai rabuwa da kayansa. Sifanun da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana gyaran injinan jiragen ruwa da su a tafki, ya kwashe ya ba makanikin bakin titi. Karyarsa ma an zo an tafi da ita, tana waiwaye yana kawar da kai. A ganinsa ya gama shan duk wani ɗacin da ke cikin tafiyar nan.

Layinsu shiru. Gidan nan kwado, na gaba kwado, na gaba da shi an cire masa har tagogi.

Telésforo kaɗai ne a barandarsa, ba riga, yana fifita da kwali. Amininsa ne tun suna samari, shi ne ma uban baftismar Alirio. 'Ya'yan domino na zube a teburin gabansa, ba abokin wasa.

"Kai, Bature!" ya ɗaga murya. "Zo ka gaishe mu tun kafin ka fara yi mana magana ta hanci."

Nerio ya tsaya a bakin shingen.

"Bature a Chile? Kai dai jahilcinka ba ya tsufa."

"Wace Chile kuma? Madrid nake magana, tsohon banza. Ka dai riƙa tunawa da mu idan kana cin naman da mu sai a mafarki. Ka ce wa ɗanka Heberto ina gaishe shi, ko ya manta wanda ya koya masa kamun kifi."

"Me ya haɗa ni da Heberto?"

"Ba wurinsa za ka ba? Matata Ramona ta ce Chinca ce ta gaya mata a coci. Ita Chile, kai Sifaniya. Har na ce ashe dai an shirya uba da ɗa..."

Ya kalli fuskar Nerio, ya ajiye kwalin a hankali.

"Wataƙila ni ne ban ji daidai ba. Ka san kunnen nan nawa na hagu..."

"Kunnenka lafiyarsa lau."

"Nerio, zo ka zauna. Bari Ramona ta kawo kofi. Nerio!"

Bai waiwaya ba.

*

Ba wuta a gidan tun safe. Falon ya yi zafi kamar tanda. Chinca na durƙushe a gaban akwatuna biyu tana ninke kaya, Yoleida na zaune a kujera mai lilo tana latsa waya.

"Sa min albarka, Baba," ta ce, kamar yadda ta saba tun tana ƙarama.

Bai amsa ba. Yoleida ta ɗago kai da sauri, don tun da take bai taɓa hana ta amsar nan ba.

"Tsoho, ka dawo?" in ji Chinca. "Akwai arepa, wainar masarar nan taka, a rufe, ban san za ka daɗe haka ba."

"Wanne ne nawa?"

"Me?"

"Akwatin. Wanne ne nawa?"

"Baƙin. Bari na gama, kar ka hargitsa min..."

Ya riga ya durƙusa. Ya fara fito da kaya yana ajiyewa a ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Rigunansa. Maganin hawan jininsa. Na'urar awon jinin da ita take ɗaura masa a hannu kullum da safe. Ƙaramar butar dafa kofi. Kwalbar alewar ƙwai da duk gidan ba mai shanta sai Heberto.

A can ƙasa ya ci karo da wata 'yar rigar ƙwallo, ta yaro ƙarami.

Ya ɗaga ta sama.

"Yoleida, 'ya'yanki nawa?"

"Baba..."

"Na ce nawa?"

"Biyu."

"Akwai namiji a ciki?"

Ta girgiza kai.

"To wa zai sa wannan a Chile?"

Chinca ta zauna a kan dugaduganta. Ba ta yi mamaki ba, ba ta kuma tsorata ba. Gajiya kawai ya gani a fuskarta.

"Ramona ce ko?" ta ce. "Na san bakinta ba ya riƙe ruwa."

"Ashe gaskiya ne."

"Baba, don Allah ka zauna na yi maka bayani," in ji Yoleida.

"A tsaye zan ji."

Ta share zufa da bayan hannu.

"Gidan da muke haya ƙarami ne, Baba. Na sha nuna maka a waya, kana cewa ba ka son gani. Ɗaki biyu ne, ni da mijina Deivis ɗaya, yara ɗaya. Mama za ta kwana da yaran. Ba inda zan sa gado na uku, ko a falo, don falon shi ne kicin. Mai gidan ma ya ce idan muka wuce mutum biyar zai tashe mu."

"Sai kuka yi rabo."

"Ba rabo ba ne..."

"Rabo ne mana! Ke kin ɗauki wadda ta iya girki da raino, shi kuma an jefa masa ragowar. Ko kaji ake rabawa ai a kan tambayi mai su."

"Na ɗan lokaci ne, Baba. Idan muka samu gida babba..."

"Shekarata sittin da tara. Wane lokaci kike da shi da za ki ba ni?"

Ta sunkuyar da kai.

"Yaushe kuka yi niyyar gaya min?"

Yoleida ta kalli uwarta.

"Ina tambaya! Yaushe?"

"A Bogotá," in ji Yoleida, da ƙyar. "Idan mun tsallaka iyaka, mun isa filin jirgi."

Nerio ya yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"A filin jirgi. Sai a ce, tsoho, ga ƙofarka can, mu ga tamu nan. A rataya min kwali a wuya kamar kayan aike."

"Da mun gaya maka tun a nan ba za ka fita daga gidan nan ba!"

"Ƙwarai kuwa!"

Ya juya ga matarsa. Yanzu ne kwanakin nan suka riƙa dawo masa. Ta tsayar da shi a kicin ta nuna masa yadda ake kwaɓa garin arepa. Ta sa shi ya ɗaura na'urar awon jini da kansa har sai da ya iya. Shi kuwa yana ta gunaguni, a zatonsa rigimar tsufa ce.

"Ke kuma kin yarda," ya ce. "Shekara arba'in da wani abu muna kwana gado ɗaya, yara sun ce a raba mu, kin ce to."

"Ba yara ba ne suka ce."

"To wa?"

"Ni ce."

Yoleida ta miƙe. "Mama, kar ki..."

"Zauna. Ya ce a tsaye zai ji, to bari ya ji duka."

Chinca ta dafa akwatin ta tashi, gwiwarta ta yi ƙara. Ta tsaya daf da shi. 'Yar gajeriyar mace ce, kanta bai wuce kafaɗarsa ba, amma shi ne ya ja baya.

"Gidan Yoleida ƙarami ne, gaskiya ne. Amma da ta gaya min mutum ɗaya kawai za ta iya ɗauka, ban yi kuka ba, Nerio. Na shiga banɗaki na rufe ƙofa, na gode wa Allah."

"Me kike cewa?"

"Na gaji."

"Kin gaji da me? Da ɗiban ruwa? Da rashin wuta? Ai shi ya sa na yarda zan tafi! Na bayar da kayan aikina, na bayar da karyata, yanzun nan daga wurin Alirio nake, na yi masa sallama..."

"Kar ka kira sunansa."

A hankali ta faɗa.

"Ɗana ne."

"Nawa ne ni ma. Kuma da yanzu yana Madrid da ransa, yana wanke kwanuka kamar wansa, yana turo min hoto."

"Chinca..."

"Heberto ya nema masa hanya. Komai ya kammala. Yaron nan har ya yi aski, ya wanke takalminsa. Ka ce ɗaya ya gudu ya isa, gidan Nerio Villalobos ba gidan matsorata ba ne. Ka ce ƙasa za ta gyaru, man fetur na nan a ƙarƙashin tafki ba inda ya je. Ka ɗauke fasfonsa."

"Ɓacewa ya yi."

"A cikin akwatin sifanunka na gan shi. An naɗe shi a tsumma, a ƙarƙashin guduma. Bayan mun binne shi da wata ɗaya na gani, ina neman ƙusa."

Nerio ya juya ga 'yarsa.

Yoleida ta rufe fuskarta da hannu biyu. Ta sani ashe. Kowa ya sani ashe.

"Asma ce ta kashe shi," ya ce daga baya. "Wuta ta ɗauke, asibiti ba iskar da za a sa masa. Ni na ɗauke wutar? Allah ne ya karɓi abinsa."

"Allah ne ya naɗe fasfo a tsumma?"

"Ina so ya zauna kusa da ni ne! Laifi ne? Kowa ya watse, Yoleida ta tafi, Heberto ya tafi. Na ce a bar min ɗaya. Ɗaya tak!"

"To ga shi an bar maka. Ba inda zai je yanzu."

Ya dafa bango.

Chinca ta share idonta da gefen siket. Muryarta ta sauka.

"Ban tsane ka ba, tsoho. Da tsana ce da ta fi min sauƙi. Ina dafa maka abinci, ina wanke maka kaya, idan jininka ya hau ni ce ba na barci. Amma duk sanda ka yi tari a gefena, tarin yarona nake ji. Na yi ta roƙon Budurwa Maryamu ta cire min abin nan daga ƙirji, bai fita ba. Ina so kafin na mutu na kwana a ɗakin da ba kai, ko zan iya yafe maka daga nesa. Daga kusa na kasa."

"Me ya hana ki faɗa tuntuni?"

"Ka taɓa tambaya?"

Wata babbar mota ta wuce a titi, tagogi suka yi rawa. Zufa na ɗiga daga haɓarsa zuwa kan 'yar rigar ƙwallon da har yanzu take hannunsa.

"Shi kuma Heberto," ya ce, "da rabonsa da yi min magana tun ranar jana'iza, shi ne zai karɓe ni?"

"Ya yarda," in ji Chinca. "Ya ce duk abin da ya faru kai ubansa ne. Ya gyara maka ɗaki, har da taga mai kallon titi. Za ka riƙa kai jikanka makaranta. Kana zaton da ban tabbata kana da wurin zuwa ba zan yi haka? Ni ba muguwa ba ce."

"Da bakinsa ya gaya miki?"

"Yoleida ce ta yi magana da shi. Ka san wayata ta lalace."

Nerio ya miƙa hannu.

"Ba ni wayarki, Yoleida."

"Yana wurin aiki yanzu, Baba."

"Ba ni."

"Caji ya kusa ƙarewa, ka ga ba wuta. A bari sai anjima..."

"Ba shi mana," in ji Chinca. "Bari ya ji da kunnensa, hankalinsa ya kwanta."

"Mama, don Allah."

"Me kike tsoro?"

Yoleida ta ƙanƙame wayar a ƙirji. Chinca ta tsura mata ido, sannan ta taka ta zare wayar da kanta, ta nemo sunan, ta danna, ta buɗe muryar yadda kowa zai ji.

Ta yi ƙara har sun fara cire rai. Sai aka ɗauka. Ƙarar kwanuka da ruwan famfo ta cika falon, wani na ta ihu a baya yana kiran odar abinci.

"Yole, na gaya miki kar ki ƙara kirana a kan maganar nan!" Muryar Heberto ce, ta yi kauri, ta gaji. "Amsata ba ta canja ba. Ba ni da inda zan sa shi! Ɗaki ɗaya muke haya a gidan wasu, ni da matata Marisela da yaron, katifa a ƙasa. A kaina zan ɗora shi? Kuma ko da gidan sama gare ni, mutumin da ya tsaya a bakin ƙofa ya kira ni matsoraci a gaban duk unguwa? Mutumin da ya sa muka binne Alirio? Ki ɗauki Mama, zan taimaka da abin da zan iya. Shi kuwa ya ce ƙasarsa yake so, to ya zauna ya ci ƙasar. Kina jina? Yole?"

Nerio ya matso kusa da wayar.

"Heberto."

Ruwan famfon ya tsaya. Sai numfashi kawai.

"Ni ne."

Ya ƙara sunkuyawa kan wayar.

"Allah ya yi maka albarka, ɗana. Ya jikana?"

Can sai muryar Heberto ta fito.

"Ina aiki."

Ƙit. Wayar ta katse.

Chinca na tsaye da wayar a hannu kamar an dasa ta. A hankali ta juya ga 'yarta.

"Kin ce ya yarda."

"Mama..."

"Kin ce ya gyara ɗaki. Kin ce da taga. Ni na ce ki ƙara min bayani, kika ce har labule Marisela ta ɗinka."

"Zai yarda, Mama! Na san shi, bakinsa ne kawai. Na yi lissafin idan muka isa Bogotá na kira shi na ce ga Baba a filin jirgi, ba gaba ba baya, ba zai iya cewa a'a ba."

"Idan ya ce a'a fa?"

Yoleida ta fashe da kuka.

"Ban sani ba! Ban sani ba, Mama! Me kuke so na yi? Tun asuba nake fita, sai dare nake dawowa. Kulle yarana nake yi a ɗaki na tafi aiki. Watan jiya ƙaramar ta kunna risho, saura kaɗan gidan ya kama. Maƙwabciya ta ce idan ta ƙara jin kukansu su kaɗai za ta kira hukuma a ƙwace min su. Deivis ya ce ko na kawo ki ko ya kama gabansa. Kin ce ba za ki taho ba sai kin tabbata Baba na da wuri. To na samo masa wuri! Da baki na samo, don shi kaɗai gare ni!"

Chinca ta ɗaga hannu kamar za ta mare ta. Hannun ya tsaya a sama, ya sauko.

"Wayyo Allahna," ta ce. "Wayyo Allah, me na yi?"

Ta sulale ta zauna a ƙasa tsakanin akwatunan.

Abin mamaki, Nerio ne bai yi ihu ba. Ya ninke 'yar rigar ƙwallon da kyau, ya sa a akwatin matarsa.

"Ki aika masa daga can," ya ce. "Kar ki ce daga ni ne, kar ya ƙi sa wa yaron."

"Baba, ka yafe min."

"Tashi. Share hawayenki. Allah ya yi miki albarka, ki je ki riƙe 'ya'yanki da kyau. Kar ki yi musu riƙon da na yi wa nawa."

Ya sunkuya ya ɗauki butar kofin da na'urar awon jinin.

"Ku tafi jibi kamar yadda aka shirya. Ba wanda zan tare. Chinca, ki je ki kwana a ɗakin da ba ni. Kin cancanta."

"Nerio..."

"Ni ba sabon abu ba ne a wurina. An koya min arepa, an koya min awon jini, me ya rage? Zan je na karɓo karyata, na san ko abinci ba ta ci a can. Da yamma na doke Telésforo a domino. Ranar Lahadi na je na gaya wa Alirio ƙarya na yi masa, ina nan."

"Nerio, tsaya ka ji..."

"Ba wanda ya so ni a ƙasar waje, to madalla. Da ma ban roƙa ba. Mutum dai ba a korarsa daga gidansa. A nan na tsufa, a nan za a fitar da ni a kwance."

Ya shiga kicin ya mayar da butar inda take. Murfin ya faɗi, ya tsugunna ya lalubo shi a ƙarƙashin tebur. Ya daɗe a tsugunne, goshinsa a jikin ƙafar teburin, yana jin kukan matan biyu daga falo. Na Chinca ya fi ƙarfi, wani irin kuka da rabonsa da jin irinsa tun a asibiti.

Sai ga hon a ƙofar gida.

Aka sake dannawa.

"Doña Chinca! Sallama dai! Kuna ciki?"

Kukan falon ya tsaya cak.

Nerio ya miƙe, ya share fuska da rigarsa, ya fito. Da ya ratsa falon Chinca ta kamo ƙafar wandonsa.

"Kar ka fita. Bari ni na je."

"Sake ni."

"Don Allah, tsoho. Bari na fara gaya maka..."

Ya fizge ƙafarsa.

Wata tsohuwar motar ɗaukar kaya ce a bakin shingen, an lafta mata katifu da kujeru da firji an ɗaure da igiya. Wani mutum mai ƙiba, da hular hana rana, yana tsaye yana murmushi. A gaban motar wata mata ce mai tsohon ciki tana fifita da mayafi, da wata tsohuwa rungume da kejin aku.

"Barka da rana, baba tsoho," in ji mutumin. "Kai ne Don Nerio ko? Na ji labarinka. Ovidio sunana. A yi haƙuri mun zo ba sanarwa. Na san sai jibi aka ce, amma yau na samu mai a motar, ka san yadda abin yake. Na ce bari mu fara rage kaya, ko a baranda ne mu jibge, ba za mu takura muku ba."

"Wane kaya?"

"Namu mana."

"Kun ɓata hanya. Gidajen da ba kowa suna can gaba."

Mutumin ya yi dariya, ya duba lambar da ke jikin bango.

"A'a, nan ne. Mu ne muka sayi gidan."

"Gidana? Wa ya sayar maka?"

"Mai shi mana. Tun makon jiya aka sa hannu a gaban lauya, an gama komai." Murmushin ya fara gushewa daga fuskarsa. "Ba a gaya maka ba?"

Mai shi.

Nerio ya riƙe ƙarfen shingen, zafinsa na ƙona masa tafi bai saki ba. Shi ya yi rufin nan. Shi ya ƙara ɗakin baya, shi ya haƙa ramin tankin ruwa, shi ya dasa mangwaron da ke tsakar gida. Ya daɗe yana cewa gidana, gidana, har ya manta filin da ginin farko gadon Chinca ne daga mahaifinta, kuma sunanta ne a takarda.

Ya juya a hankali.

Tana tsaye a bakin ƙofar falo, ba takalmi, fuskarta jiƙe sharkaf.

"Da kuɗin gidan aka yi mana fasfo da kuɗin jirgi," ta ce. "Yoleida ta ce min kana da ɗaki, Nerio. Ta ce da taga."

Daga bayansa matar mai ciki ta leƙo ta tagar motar.

"Ovidio, rana fa na dukana!"

Mutumin ya cire hularsa, ya kalli tsohon, ya kalli tsohuwar, ya sosa ƙeya.

"To... baba tsoho, ka buɗe mana ƙofar mana. A ina za mu sauke firjin?"